Zuwa kasuwar Maigatari bayan kaka: a kwana ko a yi sammako daga Kano?

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Mu uku ne muke shirin zuwa Maigatari ta Jigawa, a bakin iyakar Nijar, ranar kasuwa a farkon Nuwamba, mu sayi riɗi kamar buhu 30, in an dace kuma mu haɗa da raguna biyar ko shida na kiwo. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa zuwa. Gara mu tafi tun Laraba mu kwana, ko mu yi sammako ranar Alhamis daga Kano mu dawo a ranar? Sannan motar gida ta fi ko ta haya? Allah ya saka da alheri.

Direban_Yankaba:
Wa alaikumus salam. Daga Kano zuwa Gumel kamar kilomita 120 ne, daga Gumel zuwa Maigatari kuma bai kai 30 ba. Hanyar Haɗejiya za ku bi, ku wuce Gezawa, ku kai Gujungu, ku nufi Gumel, daga nan ku miƙe arewa. A lissafa awa biyu da rabi zuwa uku, saboda shingaye da kuma manyan motoci da ke cika hanya ranar kasuwa. In kun tashi bayan sallar asuba, kafin tara kuna ciki. To zuwa a dawo a rana ɗaya ba abin mamaki ba ne, mutane da yawa haka suke yi. Motar haya kuma a tashar Yankaba ake samu. In babu mai zuwa kai tsaye a shiga ta Gumel, a can ba a rasa ta Maigatari.

Ɗan_Lautai:
Malam Direba ya faɗi gaskiya a lissafin hanya, amma ba a lissafin kasuwa ba. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Kasuwar Alhamis ce, amma dabbobi da fatake tun Laraba da yamma suke fara sauka, dillalai kuma da daren suke gama sanin wa ya kawo me. Wanda ya iso tara na safe ya tarar an riga an zaɓe na kirki, saura kuma ya shiga hannu na biyu ko na uku, kowane hannu da ɗorinsa. Ga baƙo da bai san kowa ba, kwanan ya fi. Ko ba komai zai zagaya da yamma ya ga inda kara take, wato kasuwar dabbobi, inda 'yan hatsi suke, inda ake lodi, ya san wanda zai riƙe shi. In masauki a Maigatari bai kwanta muku ba, ku kwana a Gumel, da asuba rabin awa ya kai ku.

Mai_Sikeli:
Kafin a kai ga maganar kwana, Alhaji, riɗin nan na me ne? Na kaiwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ne, ko na ajiya, ko na masu matsar mai? Don ba iri ɗaya ake zaɓa ba.

Abban_Sadiya:
Na ajiya ne, mu fitar in ya yi daraja, a Dawanau ɗin.

Mai_Sikeli:
To ga abin da za a kula da shi. Riɗin wannan yanki fari ne, har masu fitar da kaya waje suna kiransa da sunan garin, kuma abin da suke dubawa uku ne: fari, tsabta, bushewa. A farkon Nuwamba sabo ne yake shigowa, wani bai gama shan iska ba. Ka dumbuza ka matse a tafin hannu: busasshe zai zube ta tsakanin yatsu, mai danshi zai dunƙule ya bar maiƙo. Ka tauna kaɗan, in ka ji ɗaci ko warin tsohon mai, na bara ne aka gauraya. Mai danshi in aka jibge shi a sito zafi yake ɗauka, ya yi duhu, ya rage nauyi, ka yi asara sau biyu.

Na biyu ƙasa. A gona ake kaɗe riɗi, wanda bai shimfiɗa tamfol ba sai yashi ya shiga, wani kuma da gangan yake ƙarawa don nauyi. Yashi ƙasan buhu yake sauka, don haka duba bakin buhu ba ya nuna komai. A juye buhun gaba ɗaya a kan tamfol, ko a soka ƙarfen ɗiban samfur a sama da tsakiya da gindi. A tafi da rariya. A auna kilo ɗaya a tankaɗe, a auna abin da ya fita. Ka ɗauka kowane buhu akwai datti kilo 3, a buhu 30 kilo 90 ke nan, an ci maka fiye da buhu guda kana kallo.

Na uku, kada ku saya da buhu a ɗinke a ce muku "cikakke ne". Ko dai a auna da tiya a gabanku, ko a ɗora a sikeli. A Dawanau da kilo za a saya a wajenku, saboda haka tun a can ku mayar da lissafinku kilo. Ku tafi da ƙaramin sikelin ratayawa naku da buhunan da babu komai da zare da basilla.

Hajiya_Mai_Awo:
Ƙari a kan maganar awo. Abin da aka saba a hatsi shi ne buhu tiya 40, amma tiya suna ta tara. Akwai wadda aka bubbuga gindinta ya shiga ciki, akwai wadda aka buɗa bakinta, mai saye da tasa mai sayarwa da tasa. Sannan awon da tozo ne ko shafe ne? A yi wannan maganar kafin a fara zubawa, ba bayan an kai tiya ashirin ba. Kuma kada a ɗauki nauyin tiyar gero a ɗora wa riɗi, riɗi ya fi gero rashin nauyi. A auna tiya ɗaya a sikeli tukuna, sai a ninka. Mutum ɗaya cikinku aikinsa kawai ƙirga, kada ya amsa waya, kada ya amsa gaisuwa. Masu awo suna da sauri, daga sha bakwai sai ka ji sha tara.

Baban_Ummi77:
Ni dai buhu 30 ban ga abin da zai kai mutum har bakin iyaka ba. Gujungu tana ci ranar Lahadi, tana kan hanya, ta fi kusa, riɗi yana shiga. In aka cire kuɗin mota da dako da la'ada, ribar nisan nawa ce?

Ɗan_Lautai:
@Baban_Ummi77 ai ya ce har da raguna. In don riɗi ne kaɗai maganarka tana kan hanya. Amma dabba, musamman wadda ke gangarowa daga Nijar, Maigatari ce matattara.

Likitan_Garke:
Tunda an zo kan raguna. A kara za ku ga iri uku galibi: Uda, mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari da dogayen kunnuwa, Balami, fari ƙato mai gantsararren hanci, da 'Yankasa, wanda bai kai su girma ba amma ya fi su jure wahala da ƙarancin abinci. Don kiwon turke a cikin gari, Uda da Balami sun fi ɗaukar nama, amma sun fi ci, kuma sun fi saurin kamuwa da mura in wuri yana da danshi.

Shekaru a haƙori ake gani, ba a bakin dillali ba. A buɗe leɓen ƙasa. In duk haƙoran ƙanana ne na nono, bai cika shekara ba. Manya biyu a tsakiya, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. In takwas sun cika har sun fara lalacewa, tsoho ne, abincinka kawai zai ci. Na kiwo a nemi mai biyu ko mai huɗu, mai dogon jiki da faɗin ƙirji, ko da ya ɗan rame, muddin ramar ta yunwa ce ba ta ciwo ba.

Yadda za a bambance: a ja fatar ido ta ƙasa, in ciki ja ne lafiya, in fari fat ne jini ya yi ƙasa, tsutsa ko ciwon hanta. A duba ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburi kamar ruwa. A duba hanci da ido ko suna zubar da majina, a ɗaga wutsiya ko akwai alamar zawo, a buɗe baki ko akwai gyambo. Majina da zawo da gyambon baki in suka haɗu a dabba ɗaya, a bar ta, a bar na kusa da ita ma, don cutar nan tana share garke. A sa a ja ragon ya yi tafiya a ga ƙafa. Kada a duba ciki a ce ya yi ƙiba: akwai masu ba dabba kanwa ko gishiri ta sha ruwa ta cika tumbi kafin a shigo da ita. A dafa gadon baya da gindin wutsiya, nan nama yake.

In an kawo gida a ware su sati biyu, kada su haɗu da na gida. A ba su maganin tsutsa, a fara da harawa da ruwa, dusa kaɗan kaɗan ana ƙarawa cikin kwana bakwai zuwa goma. Dabbar da ta saba da ciyawar daji in aka cika mata dusa ko tsaki rana ɗaya, ciki ya kumbura, kafin safe an yi asara.

Sarkin_Zango:
Likita ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne tsarin ciniki. Ba a sayen dabba a kara ba dillali, ko da kana ganin mai ita tsaye. Dillalin shi ne shaidarka in daga baya aka ce ta sata ce. A tambayi la'ada tun farko, nawa ne a kan kowane kai, kuma wa zai biya. In ka taya aka ce "albarka", ba kora ba ce, ka ƙara ko ka matsa gaba. In aka ce "an sallama", ciniki ya faɗa, babu janyewa, don haka kada ka taya abin da ba ka shirya biya ba. Kada ka sa baki a dabbar da wani yake ciniki sai ya bari. Bayan biya a karɓi rasit na kasuwa, a sa wa dabbobin alama da fenti nan take, a bar yaro ɗaya a wajensu. Rasit ɗin nan shi za a tambaya a hanya.

Badamagare:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Wani abu da ke rikita baƙi a kasuwannin bakin iyaka shi ne ƙirgar kuɗi. Mu a wajenmu a Nijar da dala ake ƙirga kuɗinmu na sefa, dala ɗaya sefa 5 ce. In mutum ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jikka ɗaya kuwa sefa 1,000 ce. A wajenku na san jaka a tsohon lissafi naira 200 ce. To in mai raƙumi ko mai rago daga wajen Dungas ko Magarya ya ce jikka kaza, a tsaya a tambaya: ta sefa ko ta naira? Yawancin ciniki a cikin kasuwar da naira ake yi, amma mai dabba a ransa da sefa yake lissafi, don da ita zai koma gida. Shi ya sa duk ranar da naira ta faɗi, dabbar Nijar take tsada ko da kasuwa ta cika. Ku tambayi 'yan canji farashin ranar tun da safe, zai nuna muku inda ciniki zai dosa.

Abban_Sadiya:
Wannan ban taɓa sani ba wallahi. To kuɗin fa, a riƙo tsaba ko tura wa ake yi?

Mai_POS_Gumel:
A haɗa biyun. Manyan dillalai da 'yan riɗi suna karɓar tiransifa. Manomin da ya kawo tiya goma a kan amalanke, da Bafulatanin da ya kawo rago biyu, tsaba suke so. Masu POS suna nan da yawa, amma ranar kasuwa kuɗinsu kan ƙare kafin azahar, cajin kuma yana hawa. Sabis ma yana nauyi in jama'a ta cika. A zo da layi biyu na kamfani daban daban, a duba iyakar abin da banki ya yarda a tura a rana tun kafin a baro gida, a ɗaga ta in ta yi kaɗan. Wani abin kuma, kusa da iyaka waya takan kama sabis ɗin Nijar da kanta, kati ya ƙone ba a sani ba. A shiga saitin waya a zaɓi layi da hannu, a kashe romin, wato hawa sabis ɗin wata ƙasa. Tsabar kuma a raba ta uku tunda ku uku ne, kada mutum ɗaya ya riƙa zaro damin kuɗi a tsakiyar kara.

Malam_Na_Bakin_Iyaka:
Kada jin maganar iyaka ya sa ku ɗauka wata ƙasa za a shiga. Maigatari cikin Jigawa take, masarautar Gumel, babu wanda zai nemi fasfo a wajenku don kun zo kasuwa. Katin ɗan ƙasa ya isa, amma a riƙe shi a jiki, don akwai jami'an shige da fice da kwastam a hanya. Abin da ba a yi shi ne a ce bari mu ɗan leƙa tsallake mu gani ba takarda. Kuma lamarin iyakar yana canzawa. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020, Maigatari tana cikin guda huɗun farko da aka buɗe tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris 2024 aka buɗe. Duk lokacin da aka taɓa iyaka, kara ce take fara ji. Saboda haka a kira wani na can ranar Talata a ji yadda kasuwar da ta wuce ta ci.

Direban_Yankaba:
Na dawo kan tambayar mota, don an bar ta a baya. Buhu 30 da raguna shida ba kayan motar gida ba ne, ko ta haya ta fasinja. Ku tafi da ƙaramar mota ku kanku, kayan kuma a ba masu ɗaukar kaya zuwa Kano, suna nan birjik ranar kasuwa, da buhu ake biya. A yi lodi ta hannun 'yan kamasho na tasha, a rubuta lambar mota da lambar direba, a rubuta suna a kowane buhu. A yi magana a fili: kuɗin hanya da na 'yan dako a cikin kuɗin mota yake ko daban? Nan ake rigima kullum. Kada a ɗora raguna a kan buhunan riɗi, fitsari ɗaya ya ɓata buhu uku. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan inda za su tsaya don santsi, a ɗaure su gajere yadda ba za su soki juna ba.

Motarku kuma a cika tanki tun daga Kano ko Gumel. Garuruwan bakin iyaka mai yakan yi wuya ko tsada, an ma taɓa hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a 2019. A duba safaya da jak da ruwan lagireto da fanbel.

Injiniya_Sule:
Titi har cikin gari kwalta ce, wannan ba matsala. Matsalar tana zuwa in dillali ya ce ku zo mu shiga ƙauye, akwai riɗi a gida da sauƙi. Ƙasar wajen yashi ce zalla. Ƙaramar mota mai jan gaba in ta shiga, a rage iskar taya zuwa kamar 20 a ma'aunin iska, a sa giya ta biyu, a bi sawun da aka riga aka bi, kada a taka birki da ƙarfi, kada a tsaya a inda yashi ya yi laushi. In ta kafe a daina ba ta wuta, ƙara nutsewa take yi, kuloci kuma ya ƙone. A tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko tabarmar mota, a tura. A riƙe famfon iska don in an hau kwalta. Mafi sauƙi dai a ajiye motar a gari a hau acaɓa.

Hajiya_Mai_Awo:
Shiga ƙauyen nan ni ban ba baƙo shawara ba a zuwan farko. Ba don tsoro ba, don awo. A kasuwa in an yi gardama akwai shugabannin 'yan awo da za a kai wa ƙara. A tsakar gidan mutum, tiyarsa ce doka.

Ɗan_Lautai:
Kuma in za a shiga, ba a wuce mai gari. A fara zuwa a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mutum, shi zai haɗa ku da wanda zai raka ku. Ba a ɗaukar hoton mutane ko dabbobinsu sai an tambaya, masu raƙuma musamman ba su son haka.

Umman_Khalifa:
Duk an yi maganar kaya an manta da jiki. Farkon Nuwamba da rana akwai zafi, da asuba kuma sanyi ya fara, in za a kwana a riƙo bargo mara nauyi da gidan sauro, don sauron ƙarshen damina bai gama tafiya ba. Ƙurar kara ba wasa ba ce, mai asma ya riƙo maganinsa da takunkumi. Ruwan sha a saya tun da safe a ajiye a mota. Abinci a ci mai zafi da aka sauke a gabanka. Tsaraba kuma akwai dabino da cuku da kanwa daga Nijar, ga zoɓo in ya fara shigowa, ko da yake shi sai wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba yake yawa.

Baban_Ummi77:
To ai kun ga abin da nake faɗa. Kwana, masauki, dillali, motar kaya daban, motar mutane daban. Duk a kan buhu 30.

Mai_Sikeli:
Alhaji lissafin ba wuya. A kira Dawanau ranar Laraba a ji nawa kilo. A cire kuɗin mota na kowane buhu, da dako hawa da sauka, da la'ada, da kuɗin buhu, da abin da zai fita in an tankaɗe, da kuɗin sito na watannin da za a ajiye. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da za a taya a can. In farashin kasuwa ya haura shi, a sayi ragunan kawai a dawo. Ba dole ba ne sai an cika buhu 30 a kasuwa ɗaya, riɗi yana shigowa har Disamba.

Direban_Yankaba:
Ni har yanzu ina kan sammako, amma da sharaɗi: komai ake ciki a bar garin kafin la'asar sakaliya. Bayan magariba hanyar cike take da tireloli masu shanu da amalanken da ba su da fitila, ga gajiya. In an san lodi zai kai dare, to kwanan da ya kamata a yi na Alhamis ne, ba na Laraba ba.

Sarkin_Zango:
Na Laraba dai. Rago da safe ake sayensa kafin ya sha rana ya sha ruwa.

Likitan_Garke:
Amma da yamma yake sauƙi, lokacin da mai shi ya ga zai koma da shi. Sai dai zaɓi ya ragu, kuma duba ido da haƙori yana son haske.

Abban_Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yadda na fahimta, ɗayanmu zai iya tafiya tun Laraba ya kwana a Gumel ya kama dillali, mu biyu mu taho da asuba da sikeli da buhuna. @Ɗan_Lautai in mutum ya isa Laraba da la'asar, 'yan riɗi zai fara nema ko kara?

Ɗan_Lautai:
Kara. 'Yan riɗi sai hantsin Alhamis suke cika, lokacin da amalanke suka iso daga ƙauyuka. Ya nemi ofishin shugabannin kara ya ce baƙo ne, su za su nuna masa dillalin da suka sani, kada ya bi wanda ya tare shi a bakin tasha. Kuma ya tafi da igiyoyinsa guda shida, a can ranar kasuwa har igiya tsada take.